Yadda Ake Gwada Manufar Ci Gaba Mai Ɗorewa da Surorin Gobe Kafin a Zartar da Ita

A shekarar 1922 wakilan jihohi bakwai na yammacin Amurka suka zauna suka raba ruwan Kogin Colorado, inda aka ware wa jihohin saman kogin da na ƙasansa kimanin mita kubik biliyan 9 kowane ɓangare a shekara, sannan a 1944 aka ƙara wa ƙasar Meziko nata kason. Lissafinsu ya yi daidai da alƙaluman da ke gabansu, sai dai shekarun da aka auna kogin a cikinsu shekaru ne na yalwar ruwa irin wadda ba a cika samu ba. Daga baya, da masana suka karanta zoben da ke cikin kututturen tsofaffin itatuwa, wanda ke nuna damina da fari na ɗaruruwan shekaru, sai ta bayyana cewa an raba ruwan da kogin ba ya kawowa a yawancin shekaru. A 2021 gwamnatin tarayyar Amurka ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin a karo na farko, a 2022 kuma Tafkin Mead, babbar ma'ajiyar ruwan kogin, ya sauka zuwa inda bai taɓa sauka ba tun da aka cika shi a shekarun 1930.

Abin da ya faru da masu wannan yarjejeniya shi ne sun ɗora shawara ta shekara ɗari a kan gobe guda ɗaya tak. Dabarar da wannan rubutu zai bi dalla-dalla an ƙirƙiro ta ne don kauce wa irin wannan kuskure. Masu fannin suna kiran ta nazarin sinariyo, ni kuwa zan kira kowace sinariyo da surar gobe, wato cikakken bayani mai ma'ana na yadda al'amura za su iya kasancewa nan da wasu shekaru. Akwai bambanci tsakaninta da hasashe. Mai hasashe yana faɗin abin da yake ganin zai faru, shi kuwa mai zana surori yana jera hanyoyi uku ko huɗu da duniya za ta iya bi, sannan ya ɗauki manufar da ake shirin zartarwa ya wuce da ita ta cikin kowacce, don ya ga inda za ta tsaya da ƙafarta da inda za ta durƙushe.

Herman Kahn ne ya fara shahara da wannan salo a cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka a shekarun 1950, yana nazarin yaƙin nukiliya. Pierre Wack ya shigo da shi kamfanin mai na Shell a farkon shekarun 1970, kuma da farashin gangar ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu bayan Oktoban 1973, shugabannin kamfanin sun riga sun taɓa tattauna irin wannan rana. Ci gaba mai ɗorewa kuwa, kamar yadda kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ya fayyace shi a 1987, shi ne biyan buƙatun mutanen yau ba tare da an tauye wa na gobe damar biyan nasu ba. Duk manufar da ta ɗauki wannan alkawari ta ɗauki nauyin mutanen da ba a haifa ba tukuna, a cikin duniyar da ba wanda ya gani, shi ya sa wannan dabara ta dace da ita fiye da kowane fanni.

Domin bayanin ya zauna, zan riƙe misali ɗaya har ƙarshe. A ɗauka wata hukuma ce ke kula da kogi guda wanda manoman rani, da biranen da ke shan ruwansa, da tashar wutar lantarki duk suka dogara da shi, kuma ana son ta yanke shawarar inda za ta zuba jari.

Mataki na farko: a tsayar da tambayar

Yawancin ayyukan da suka lalace a nan suka lalace, tun kafin a tara kowa. Idan aka ce "yaya makomar ruwa za ta kasance a yankinmu", an buɗe ƙofar hira mai daɗi wadda ba za ta ƙare da komai ba. Tambayar da za ta yi aiki sai ta ƙunshi abu huɗu: wane ne zai yanke shawara, wace shawara ce, yaushe za a yanke ta, kuma har zuwa wace shekara sakamakonta zai kai. A misalinmu ana iya cewa: "Shin hukumar kogi ta gina babbar madatsa guda ɗaya, ko ta gina ƙanana a hankali tare da toshe asarar ruwa a magudanai, idan ana son noma da birane da lantarki su wadatu har zuwa 2060?" Duk abin da za a yi nan gaba da wannan jimla za a riƙa auna shi, kuma duk bayanin da bai taɓa ta ba, komai burgewarsa, a ajiye shi gefe.

Wa'adin yana bin tsawon ran abin da za a gina ne, ba tsawon zangon mulki ba. Madatsar ruwa tana kaiwa shekara 50 zuwa 100, tashar wuta mai aiki da kwal tana yin shekara 40 ko fiye, daji kuwa da aka dasa yau jikoki ne za su sare shi. Idan aka taƙaita wa'adin zuwa shekara biyar, surorin duk za su fito kusan iri ɗaya, domin cikin shekara biyar abubuwa kaɗan ne ke sauyawa sosai. Idan kuma aka zarce da shi fiye da ran shawarar, sai mahalarta su shiga tatsuniya.

A wannan mataki ne kuma ake amincewa da ma'aunan nasara, a rubuce. Muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Satumban 2015 guda 17 ne, da ƙananan manufofi 169 a ƙarƙashinsu, kuma ba aikin da zai iya auna su duka. A zaɓi biyar ko shida da suka shafi tambayar kai tsaye, amma a tabbata akwai na tattalin arziki, da na walwalar jama'a, da na muhalli. Dalilin nacewa a kan wannan yana Tekun Aral, wani katafaren tafki a tsakiyar Asiya. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya masu zuba a cikinsa zuwa gonakin auduga, ma'aunin auduga ya yi ta hawa kamar yadda aka so, tafkin kuwa da ya kasance na huɗu a girma a duniya, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 68,000, ya ƙafe har ya koma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kamun kifi ya mutu, ƙurar gishiri ta addabi mazauna gefensa. Wanda ya auna abu ɗaya kaɗai zai iya kiran wannan nasara.

Mataki na biyu: waɗanda za su zauna

Mutum 15 zuwa 25 sun isa. A cikinsu a samu masu yanke shawarar da kansu ko na kusa da su sosai, da masana fannoni daban-daban, da waɗanda shawarar za ta faɗa a kansu, irin su manoma da masunta da mazauna inda ruwan madatsa zai mamaye. Ana kuma buƙatar mutum biyu ko uku masu saɓa wa ra'ayin da ya yi rinjaye, domin ɗakin da kowa ya yarda da kowa sura ɗaya zai haifar, ko da an raba ta huɗu a takarda.

Afirka ta Kudu ta ba da misalin da har yau ake komawa gare shi. Tsakanin 1991 da 1992, lokacin da mulkin wariyar launin fata ke gab da faɗuwa kuma ba wanda ya san abin da zai biyo baya, mutum 22 daga jam'iyyar ANC da sauran ƙungiyoyin adawa da 'yan kasuwa da malaman jami'a suka riƙa haɗuwa a Mont Fleur, kusa da Cape Town, Adam Kahane na kamfanin Shell yana jagorantar zaman. A cikinsu akwai Trevor Manuel, wanda ya zama ministan kuɗi a 1996, da Tito Mboweni, wanda ya zama gwamnan babban banki a 1999. Ƙa'idar da ta sa abokan hamayya suka iya aiki tare ita ce ba a tambayar kowa abin da yake so ya faru, ana tambayarsa abin da zai iya faruwa ne da dalilinsa. Mai jagorantar zama ya riƙe wannan ƙa'ida da ƙarfi, domin da zarar an sake ta taron ya koma fagen yaƙin neman zaɓe.

Mataki na uku: abubuwan da ke juya akalar lamarin

Yanzu sai a raba wa kowa 'yan katuna, kowane kati a rubuta abu ɗaya da zai iya sauya amsar tambayar: yawan jama'a, ƙaura zuwa birane, ruwan sama, farashin makamashi, sabuwar fasahar ban ruwa, zaman lafiya, halin ƙasashen da ke saman kogin, bashin gwamnati, da sauransu. A manna su a bango, a haɗa masu kama da juna. Ba wuya a samu kati sittin ko tamanin, kuma hakan ba laifi ba ne, tacewa ce ke tafe.

Tacewar ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata a ɓata lokaci. Ana tambayar kowane kati abu biyu: yaya girman tasirinsa a kan shawarar, kuma yaya girman rashin tabbas ɗinsa? Daga nan katunan za su rabu gida uku. Akwai waɗanda tasirinsu kaɗan ne, a cire su. Akwai masu babban tasiri amma an riga an san inda suka dosa, waɗannan za su shiga kowace sura ba tare da sauyi ba. Pierre Wack yana kwatanta irinsu da ruwan sama mai yawa da ya riga ya sauka a saman Kogin Ganges na Indiya, wanda duk mai hankali ya san ambaliyarsa za ta iso ƙasa bayan 'yan kwanaki. Yaran da za su nemi aiki nan da shekara 15 an riga an haife su, ana iya ƙirga su. Iskar kabon da aka riga aka saki za ta ci gaba da riƙe duniya da ɗumi ko da an daina ƙona mai gobe. Lissafin ninki ma ba ya sauyawa: garin da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara yana ninka kansa cikin kusan shekara 24, mai kashi 2 kuma cikin shekara 35.

Gida na uku shi ne na masu babban tasiri da babban rashin tabbas, kuma daga cikinsu ake gina surorin. Sai an yi hattara wajen ɗaukar abu a matsayin tabbatacce alhali sabo ne kawai ya sa ake ganinsa haka. Farashin allunan wutar rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma manyan hukumomin makamashi sun sha fitar da hasashen da yaɗuwar wutar ranar ta zarce shi shekara bayan shekara. Hanya mai sauƙi ta kama irin wannan kuskure ita ce a tambayi mahalarta: wane abu ne da a ce an faɗa muku shi shekara 20 da suka wuce da kun yi dariya, amma ga shi ya faru? Bayan sun amsa, a sake duba katunan da aka ce tabbatattu ne.

Mataki na huɗu: ƙashin bayan surorin

Hanyar da aka fi bi ita ce a ɗauki abubuwa biyu mafi tasiri da rashin tabbas, waɗanda ɗaya bai dogara da ɗaya ba, a gicciya su, sai a samu gida huɗu. Ƙasar Holan, wadda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarta ke ƙasa da matakin teku, kuma wadda ambaliyar 1953 ta kashe mata mutum fiye da 1,800, haka ta yi a shirinta na kare ƙasa daga ruwa: a gefe ɗaya sauyin yanayi mai sauri ko matsakaici, a ɗaya gefen bunƙasar jama'a da tattalin arziki ko tsukewarsu. A misalin koginmu ana iya gicciya yawan ruwan da kogin zai kawo da yawan buƙatar da za a ɗora masa. Gida ɗaya zai zama ruwa ya ragu buƙata ta ƙaru, wani ruwa ya ragu buƙata ta lafa, wani ruwa ya wadata buƙata ta ƙaru, na ƙarshe ruwa ya wadata buƙata ta lafa.

Ina ba da shawarar a guji surori uku masu suna mai kyau, matsakaiciya da mummuna. Duk shugaban da aka miƙa wa irin wannan takarda ta tsakiya zai ɗauka ya mayar da ita hasashe, aikin kuma ya tashi a banza. Huɗu ba su da tsakiya. Fiye da biyar kuwa kan mutum ba ya riƙe su lokaci guda. A kuma kula kada kowace sura ta zama aljanna zalla ko wuta zalla, domin duniyar gaske ba ta zuwa haka, a shekarar fari ma akwai wanda ke samun riba, a shekarar yalwa akwai wanda ambaliya ke cinye wa gona.

Wani muhimmin sharaɗi shi ne manufar da ake son gwadawa kada ta shiga cikin surar. Surar tana bayyana abin da hukuma ba ta da iko a kansa, manufar kuwa ita ce abin da ke hannunta. Idan aka rubuta sura mai cewa "an gina madatsa kuma komai ya gyaru", an riga an ba da amsa kafin a yi jarrabawa.

Mataki na biyar: a mayar da kowane gida labari

Kowace sura a rubuta ta cikin shafi ɗaya ko biyu, a matsayin tarihi da wani ke bayarwa daga shekarar ƙarshe yana waiwaye: me ya fara faruwa, me ya jawo, wa ya amfana, wa ya yi asara, yaya jama'a suka mayar da martani. Abin da ake nema shi ne sarƙar dalili, kowane abu ya haifi na gaba da shi. Idan labari ya ce tattalin arziki ya bunƙasa ninki uku amma buƙatar lantarki ba ta motsa ba, dole ya faɗi yadda aka yi, in ba haka ba a gyara shi.

Suna yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Mahalarta Mont Fleur sun fara da labarai kusan talatin, suka tace su zuwa huɗu, suka ba su sunayen halittun da ke tashi ko kasa tashi. Jimina ita ce gwamnatin tsiraru da ta binne kanta a rairayi ta ƙi sulhu. Gurguwar agwagwa ita ce doguwar gwamnatin riƙon ƙwarya mai raunin da ba ta iya yanke komai. Ikarus, yaron tatsuniyar Girkawa da ya tashi kusa da rana fikafikansa suka narke, ita ce sabuwar gwamnati da ta yi ta kashe kuɗin da ba ta da su don faranta wa jama'a har tattalin arziki ya rushe. Ta huɗu ita ce tashin garken tsuntsayen filamingo, waɗanda ke tashi a hankali amma tare. Sunan da mutum zai iya jefawa cikin muhawara ba tare da ya buɗe takarda ba shi ne ya yi aiki.

Mataki na shida: alƙaluma

Labari kaɗai ba ya faɗin ko ruwan zai isa. Sai a fassara kowace sura zuwa lambobi, wato yawan jama'a, kadadar da za a noma, litar da kowane mutum zai sha, ruwan da zai shigo, sannan a saka su cikin tsarin lissafi na kwamfuta. Ba dole ba ne tsarin ya zama gagarumi. Jadawalin lissafi da mahalarta suka fahimci cikinsa ya fi babbar manhajar da mutum ɗaya kaɗai ya san yadda take aiki, domin abin da mutane ba su gane ba ba za su yarda da shi ba ranar da ya faɗi abin da ba sa so.

Ba sai an fara daga sifili ba. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, wanda aka kafa a 1988, ya yi amfani da surori biyar a rahotonsa na Agustan 2021, kuma matsakaicin ƙiyasin ɗumamar duniya a ƙarshen wannan ƙarni, idan aka kwatanta da shekarun 1850 zuwa 1900, ya kama daga digiri 1.4 a mafi ƙarancin hayaƙi, zuwa 1.8, da 2.7, da 3.6, har 4.4 a mafi yawansa. A ƙarƙashin irin waɗannan surori akwai labarai biyar na zamantakewa da tattalin arziki da ake kira SSP: duniyar da ta rungumi ɗorewa, da wadda ta ci gaba a kan turbar da take, da ta gabar yankuna, da ta rashin daidaito, da ta bunƙasa da man fetur da kwal. Yawan mutanen duniya a 2100 a cikin waɗannan labarai ya kama daga kusan biliyan 7 zuwa sama da biliyan 12. Ana iya jingina surorin yanki da waɗannan, amma a tuna cewa alƙaluman duniya ba sa sauka kan kogi ɗaya kai tsaye. Game da zafi tsare-tsaren lissafin yanayi sun fi yarda da juna, game da ruwan sama kuwa akwai yankunan da wasu ke cewa zai ƙaru wasu na cewa zai ragu. Inda aka samu haka kada a ɗauki matsakaici, domin matsakaicin ƙaruwa da raguwa yana nuna kamar ba abin da zai sauya, alhali saɓanin shi ne labarin.

Akwai lamba ɗaya da ke ɓuya a cikin lissafi tana yanke hukunci ba a sani ba, ita ce kason da ake rage darajar amfanin gobe da shi idan ana kwatanta shi da kuɗin yau. Amfanin da ya kai 100 nan da shekara 50, idan aka rage shi da kashi 1.4 a shekara, kamar yadda rahoton Nicholas Stern na 2006 kan tattalin arzikin sauyin yanayi ya yi, darajarsa a yau kusan 50 ce. Idan aka rage shi da kashi 5, ba ta kai 9 ba. Da wannan lamba kaɗai ana iya mayar da dashen daji ko kare ruwan ƙarƙashin ƙasa abin riba ko abin asara. Saboda haka a bayyana ta a fili, a yi lissafin da ƙima biyu ko uku, a nuna wa masu shawara yadda amsar ke juyawa.

Mataki na bakwai: jarrabawar kanta

A zana jadawali, manufofin da ake zaɓa a tsakaninsu a jere daga sama zuwa ƙasa, surorin huɗu daga dama zuwa hagu, a kowane gida kuma a rubuta yadda manufar ta yi a kan ma'aunan da aka amince da su tun farko. Sannan a yi tambayar nadama: idan muka zaɓi wannan, gobe kuma ta zo da waccan sura, yaya nisan abin da muka samu da abin da za mu samu da mun zaɓi mafi dacewa da ita?

A misalin kogin, babbar madatsa za ta yi fice idan ruwa ya wadata buƙata ta ƙaru. Idan ruwa ya ragu kuwa za ta tsaya rabi ba ruwa, bashin gina ta yana nan, mutanen da aka tasa daga gidajensu an riga an tashe su, na ƙasan kogi kuma sun rasa ambaliyar da ke ciyar da fadamunsu. Toshe asarar ruwa a bututu da magudanai ba zai zo na ɗaya a kowace sura ba, amma ba surar da zai zama abin da-na-sani a cikinta. Daga irin wannan jadawali manufofi ke rabuwa: waɗanda ke da amfani ko yaya gobe ta zo, a fara su yanzu, waɗanda ke buɗe ƙofa da kuɗi kaɗan, kamar keɓe filin da wataƙila za a gina madatsa a kai da hana gini a cikinsa, su ma a yi su, manyan da ba a iya warwarewa kuwa a jinkirta su har alamu su bayyana, matuƙar jinkirin bai fi tsada ba.

Kada a tara sakamakon ya zama lamba ɗaya ta ƙasa baki ɗaya. A raba shi: na saman kogi da na ƙasa, birni da karkara, masu fili da marasa fili, maza da mata, mutanen yau da na shekara 40 masu zuwa. Sau da yawa manufar da ta fi kyau a jimla ita ce ta fi ɗora nauyi a kan waɗanda ba su da bakin magana, kuma jimlar ce ke rufe hakan. Bayan an gama, yana da kyau a juya tambayar: wane haɗin yanayi ne zai karya manufar da muka fi so? Idan aka gano cewa za ta karye ne in ruwan kogi ya ragu da wani kaso, sai a koma ga masana a tambaye su ko hakan na iya faruwa, wadda tambaya ce mai sauƙin amsawa fiye da neman su faɗi ainihin abin da zai faru.

Idan kuma an riga an tsayar da buri, kamar yadda yarjejeniyar Paris ta 2015 ta tsayar da riƙe ɗumama ƙasa da digiri 2 tare da ƙoƙarin tsayawa a 1.5, akwai hanyar da John Robinson na Kanada ya raɗa wa suna a 1982, wato a fara daga shekarar burin a riƙa dawowa baya ana tambayar abin da dole ya kammala kafin nan. Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi irin wannan a rahotonta na Mayun 2021 kan kaiwa ga daidaiton hayaƙi a 2050, wato hayaƙin da ake fitarwa ya yi daidai da wanda ake cirewa daga iska. Hanyar da aka samu ta haka ita ma sai an wuce da ita ta cikin surorin huɗu.

Mataki na takwas: alamu da ranar sake zama

Shawarar da aka jinkirta tana buƙatar ƙararrawa. Ga kowace sura a tsayar da alamu biyu ko uku da ake iya aunawa, waɗanda za su nuna cewa duniya ta karkata wajenta, a kuma rubuta matakin da idan alama ta kai shi za a ɗauki mataki kaza. Shirin kare Landan daga ambaliyar Kogin Thames har zuwa 2100 haka aka gina shi. Katangar tare ruwa da aka kammala a kogin a 1982 ana sa ran za ta yi aiki har wajen 2070, an tsara hanyoyi daban-daban na abin da zai biyo bayanta gwargwadon hawan teku, ana bibiyar ma'aunai goma, ana kuma duba su duk shekara biyar. Dabarar da ke ciki ita ce lissafin lokacin gini: idan aiki zai ci shekara 20 daga shawara zuwa kammalawa, ƙararrawar dole ta kaɗa shekara 20 kafin ranar buƙata, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Alama kuma sai da mai ita. A rubuta ofishin da zai auna ta, da kasafin da zai biya aunawar, da wanda za a kai wa rahoto. Wasu ƙasashe sun mayar da wannan doka: majalisar dokokin Finland tana da kwamitin makoma tun 1993, yankin Wales na Birtaniya kuma ya kafa dokar walwalar al'ummomi masu zuwa a 2015 tare da kwamishina mai sa ido.

Saura miƙa aikin ga masu yanke shawara, kuma a nan na taɓa yin kuskuren da ba na mantawa. Mun shafe watanni muna aiki da wata hukuma, muka shiga ɗakin taro da rahoto mai kauri, na kwashe fiye da rabin sa'a ina bayanin surori huɗu. Shugaban zaman ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau ya ajiye a kan rahoton da bai buɗe ba, ya ce: "Malam, duk na ji. To wacce ce za ta faru?" Na ce ba a sani ba, kuma daga nan hankalinsa ya bar ɗakin. Laifin nawa ne, domin na fara da surorin maimakon shawarar. Da aka ba mu dama ta biyu, takarda ɗaya muka kawo. A samanta akwai abubuwa uku da za a fara a kasafin bana saboda suna da amfani a kowace sura, a tsakiya akwai babban aiki guda da muka ce a dakata da shi tare da dalili, a ƙasa kuma alamu huɗu da lambar da idan kowacce ta kai za a dawo teburin. Surorin suna shafi na biyu ga mai son ganin inda amsar ta fito. Ya karanta, ya ja layi a ƙarƙashin alama ta biyu, ya tambayi wane sashe ne zai riƙa kawo masa wannan lamba duk wata shida.